Hatsin da Muka Zuba wa Gara

Ni 'yar malam ce, kuma lokacin da aka kai ni gidan miji ina ji da wannan fiye da yadda ya kamata. A Hunkuyi aka haife ni, a gidan da zaurensa ba ya rabuwa da alluna da warin tawada, aka ɗauko ni aka kawo wani ɗan ƙauye a ƙasar Malikanchi, inda mutane suke salla amma ba su gama rabuwa da abubuwan kakanninsu ba. Na zo da raini cike da cikina. In na ji tsofaffi suna maganar mutanen ɓoye, sai in taɓe baki in ce a raina jahilci ne. Shekara huɗu na yi ina wannan taɓe bakin, har wuta ta ci garin, sannan na gane ni ma matsoraciya ce kamar kowa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, don har lokacin yaran makaranta suna yawo da 'yan tutocin da aka raba musu. An gama kaka, rumbuna sun cika, ciyawa ta bushe ƙarau. Masu farautar gafiya suka sa wa daji wuta da hantsi, wutar ta juyo kanmu. Kafin azahar fiye da rabin garin ya zama toka. Ba a rasa rai ba sai awakin da ke ɗaure a turke, amma hatsi ya yi kwana uku yana ci a hankali, kuma warinsa irin na tuwon da ya kama tukunya ne. Har yau in tuwo ya kama a gidana sai na fita waje.

Mu huɗu ne a gidanmu: ni, da mijina, da mahaifiyarsa da nake kira Inna, da 'yata mai shekara uku. Surukina ya rasu kafin a kawo ni. Shi ne sarkin noman yankin a zamaninsa, wato mutumin da ya noma dami dubu a shekara guda aka yi masa biki. Ya bar rumbu biyar. Huɗu na zana ne, suka ƙone ƙurmus. Na biyar, babban na ƙasa, ya tsaya baƙi ƙirin babu jinka. Mijina ya fasa masa ciki da gatari ko za a ceci wani abu, sai gawayi ya zubo. Abu ɗaya kawai Inna ta fito da shi daga wutar, farin ƙyallen da ta ajiye don likkafaninta.

Muka koma bakin fadama kusa da rijiya, kowa ya kafa bukkar kara. Tsohon garin ya zama kango, tafiyar da ba ta kai a gaji ba amma ba wanda yake son yin ta.

A ƙetaren rafi akwai wata unguwa ta Hausawa 'yan'uwanmu, masu zanen fuska irin na mutanen mijina, waɗanda suka shiga addinin mishan. Cocinsu ɗakin ƙasa ne mai jinka, ƙararrawarsu kuwa guntun ƙarfe ne rataye a jikin kuka. Wuta ba ta haye rafin ba. Washegari sai ga su a jere, maza da mata, ɗauke da ciyawar da suka tanada don rufin ɗakunansu, har da wadda aka tara don sabunta jinkar cocin. Suka yi mana gayya, suka ɗora tukwanen kunu. Daga nan kuma duk ranar Lahadi, in sun tashi daga sujada, sai su shimfiɗa tabarma a ƙofar coci su auna hatsi ga duk wanda ya zo da ƙwarya. Limaminmu ya ce babu laifi, maƙwabci ne ya ga maƙwabcinsa cikin wahala. Gari duk ya riƙa zuwa, ban da gidanmu.

Malamin cocin, wani siririn dattijo da ya ɗaure tabaraunsa da zare, ya zo da kansa ya durƙusa a ƙofar bukkar Inna. Suka gaisa, ya jajanta, ta amsa.

Ya ce, "Inna, ba mu ga ƙwaryarku ba. Ba sadaka ba ce, zumunci ne."

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, malam. Gidan nan ne ya ciyar da garin nan shekarar fara, har da ubanka. Ba ma miƙa ƙwarya."

Ya ce, "To a aiko yarinyar nan, ba sai kin zo ba." Ni yake nufi.

Ta ce, "Ita ma a gidan take."

Mijina ɗan uwarsa ne, wuyansa ba ya lanƙwasa. Ya ɗauki sandarsa ya tafi Dandamisa wajen masu matse rake, ya ce zai riƙa aiko mana da abin da ya samu. Sau ɗaya aiken ya iso, mazarƙwaila biyu da ɗan gero, muka cinye cikin kwana kaɗan. Daga nan sai tsintar ƙwayar da ba ta gama ƙonewa ba a cikin toka, da busasshiyar tafasa, da garin kuka a ruwan zafi. Babba yana iya jurewa. 'Yata kuwa gashinta ya fara ja, cikinta ya fito, ƙafafunta suka zama kamar sillen kara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da ta daina kuka.

Dole in faɗi wani abu a nan, don 'yan yanzu ba za su gane ba. Yarinyar nan 'yar farina ce. A wancan zamanin uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana, Inna ce mai iko da ita, tana kiranta ƙawata, suna faɗansu suna shiryawa. Ni sai dai in saci kallonta ta gefen ido. Ina ganin yarinyar tana ƙarewa, ba ni da bakin da zan ce a je coci a karɓo mata hatsi, don za a ce ba ni da kunya. Ina son ta kamar raina, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Inna ta saba zuwa kango kullum ta zauna kusa da rumbun mijinta. Wata rana, rana ta ɗan karkata, ta dawo da sauri irin wanda ban san tana da shi ba.

Ta ce, "'Yar malam, taso ki gani."

Na bi ta. Ban taɓa shiga kangon da rana tsaka ba sai ranar. Babu kaza, babu tsuntsu, ko ƙuda babu. Katangu baƙaƙe a tsaye, ƙofofi a buɗe ba ɗaki a bayansu, toka tana nutsar da ƙafa har idon sawu. In ka yi magana sai muryarka ta dawo maka kamar wani ne ya maimaita. Tsakar rana kuwa kowa ya san lokacin fitar mutanen ɓoye ne, shi ya sa ba a barin yara su je gindin tsamiya a sa'ar.

Inna ta nuna mini ramin da mijina ya fasa a cikin rumbun. An share gawayin gefe guda, an zuba hatsi tsibi guda, mai kyau, sussukakke, zai kai cikin ƙwarya babba. Yawuna ya tsinke. Na miƙa hannu, ta buge shi.

Ta ce, "Dubi ƙasa tukuna."

Akwai sawu a cikin tokar. Gajeru ne, dunƙulallu, gaba da baya kusan ɗaya, babu yatsa ko ɗaya. A gefensu kuma, kowane taku biyu, akwai ɗan rami zagayayye kamar na ƙafa ta uku. Sun taho daga wajen tsohuwar tsamiya, sun tsaya a bakin rumbu, sun koma. Muka bi su har inda ƙasa ta zama fako, suka ɓace. Na san sawun jaki, na san na kura, na san na yaro da na tsoho. Wannan ban san shi ba.

A nan, a tsaye cikin rana, Inna ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa ɗanta ba. Ta ce shekarar da mijinta ya yi dami dubu, da idonta ta ga ya ja baƙin bunsuru zuwa gindin tsamiyar nan, ya dawo babu shi. Kaka ta yi kyau yadda ba a taɓa gani ba. Kafin a gama ɗaure damin, ɗanta na fari ya kwanta da zazzaɓi, kwana biyu ya tafi. Bayan shekaru aka sake yin kaka mai albarka, 'yarta ta bi shi. Aka sake, wani ya bi. Uku ta binne, mijina kaɗai ya rage mata.

Ta ce, "Mai ba da hatsin nan ba bunsuru yake so ba, bunsuru gaisuwa ce kawai. Na gane, ban ce wa maigidan komai ba. Na ci gaba da dafa masa tuwo, amma daga ranar da na binne na ukun ban ƙara gaishe shi ba har ya mutu."

Na ce, "Inna, wataƙila wani ne ya ajiye."

Ta ɗebo hatsin a tafin hannunta ta kawo mini kusa da ido. "Ke da kika yi karatu, duba. Ga jar dawa, ga fara, ga gero, ga maiwa, har da masara. Wane manomi ne yake zuba waɗannan a wuri ɗaya? Daga rumbunan mutane ya tsinto, kaɗan a nan kaɗan a can, yadda ya saba. Ya ga gidan ya faɗi, ya dawo ya gwada mu. In aka ci, an amsa masa ke nan. Kuma ba tsofaffi yake ɗauka ba."

Ba ta ambaci yarinyar ba, ni ma ban ambata ba.

Muka kwashe hatsin a zanena. Ni na ɗauka a ka, ni 'yar malam, ina karanta duk abin da na haddace. Muka kai wani babban suri a bayan kangon, Inna ta fasa masa baki da dutse, na zazzage. Na tsaya ina kallon gara suna fitowa suna lulluɓe shi. Cikina yana kuka, ina jin kukan nasa a wannan shirun.

Bayan kwana bakwai aka sake kawowa, da sawun nan, da ramin ƙafa ta uku. Muka sake kai wa gara. Mako na uku ma haka. Na fara mafarkin hatsin ido biyu. In ina jan ruwa a rijiya sai in ga kamar dawa ce a cikin guga. Na yi tunanin in aika wa mahaifina a Hunkuyi ya zo ya yi addu'a, sai na tuna zai tambaye ni ko na yarda da maganar, kuma ban san amsar da zan ba shi ba.

A mako na huɗu 'yata ta kasa tsayuwa. Inna ta tsayar da ita, ta sulale ta zauna, ta dube mu. Ranar da muka je surin, ina zazzagewa na danne gefen zanen da yatsa, abin da ya kai tafi biyu ya maƙale, na ƙulle shi a ƙuguna. Na je bukkar wata maƙwabciya na niƙa rabi a dutsenta, na ce mijina ne ya aiko. Na dama kunu a ɓoye lokacin da Inna ta tafi neman itace.

Yarinyar ta kama ludayin da hannu biyu. Ina kallonta tana sha, zuciyata tana gaya mini guba nake ba ta, hannuna kuma yana ƙara mata. Ta shanye, ta lashe ludayin, ta yi barci a jikina. Rabon da in rungume ta tun ranar yaye.

Daga nan ban ƙara samun natsuwa ba. In ta yi barcin rana sai in zagaya in sa yatsa a ƙarƙashin hancinta. In guguwa ta taso daga wajen kango sai in tsaya tsakaninta da bukkar kamar zan iya tare wani abu. Kwana biyu ina ba ta kunun, ta fara zama da kanta, har ta ja wa Inna ɗankwali. Wannan sauƙin ya fi ciwon ba ni tsoro, domin Inna ta ce haka mai hatsin yake yi, ya bari a ga alheri tukuna.

Inna ba yarinya ba ce. Ta dubi jikarta tana wasa da ɗankwali, ta dube ni.

Ta ce, "Me kika ba ƙawata?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Da ke nake."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Inna, 'yata ce. Mutuwa take yi ina kallo." Wannan ne karo na farko da na kira ta 'yata a gaban wani, kuma na ji kamar na tuɓe zane a kasuwa.

Na zaci za ta zage ni har iyayena. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Akwai saura?" Na kwance ƙullin na ba ta. Ta zuba ɗanyen hatsin a baki ta riƙa tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata, ina jin ƙarar, har ta haɗiye duka ta kora da ruwa.

Ta ce, "To, yanzu mu biyu muka ci. Sai ya zaɓa, ni kuma zan taya shi zaɓen."

Ranar da hatsin ya saba zuwa, Inna ta yi wanka tun da hantsi. Ta yi salla raka'a biyu, ta goya jikarta ta zagaya bukka da ita tana yi mata waƙa, ta sauke ta. Sannan ta ɗauko farin ƙyallen nan da ta ceto daga wuta ta yafa. Ta ce in zauna da yarinyar, kada in biyo ta ko me na ji. Na ce to. Tana ɓacewa na miƙa yarinyar ga maƙwabciya na bi bayanta, ba don jarumta ba, don zama a bukkar ya fi mini wuya.

Na laɓe a bayan wata ƙonanniyar katanga. Inna tana zaune a bakin ramin rumbun, fara fat a cikin wannan baƙin, ta miƙe ƙafafu, hannuwanta a kan cinya. Rana ta hau tsakiya, inuwa ta shige ƙarƙashin katangu. Zufa tana shiga mini ido ban iya sharewa ba.

Sai na fara jin sauti daga wajen tsamiya. Ƙwas, sannan wani abu ya ja ƙasa. Ƙwas, ya sake ja. A hankali yake tahowa, ba gaggawa. Daga baya na hango shi cikin rawar da zafi ke sa ƙasa ta yi: abu dogo, lulluɓe da koɗaɗɗen zane tun daga sama har ƙasa, kansa ƙato fiye da na mutum, yana tangaɗi hagu da dama. Na nemi aya ɗaya a kaina na rasa, ni da na sauke izu goma a gaban mahaifina.

Ya iso har 'yan taku kaɗan daga rumbun, ya tsaya cak.

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, da murya kamar mai ciniki a kasuwa, "Ga ni. Na ci hatsinka, na ci da sanina. Yarinyar ba ta san komai ba, ba ta da ko naman da za ka samu. Ka ɗauki uku a gidan nan ban ce maka komai ba. Wannan karon ni za ka ɗauka, na zo da kayana."

Abin bai motsa ba.

Sai wata murya ta fito daga cikin zanen, ta mace, a shaƙe kamar mai mura. "Sannu da hutawa, uwar gida. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya muka ji da wannan abu da ya faru?"

Ta jingine sandarta a jikin rumbu. Ta kai hannu sama ta sauke abin da na zaci kai ne, ashe ƙwarya ce a ƙarƙashin lulluɓi. Da wuyan hannu ta riƙe ta, don babu yatsu. Zanen ya zame, na ga tsohuwa, hancinta ya lotsa, girarta babu gashi. Na dubi ƙasa na ga ƙafafunta a cikin toka, dunƙulallu, kuturta ta cinye yatsun tun da daɗewa.

Inna ta dube ta da kyau, ta ce, "Ke ce ta bukkar bakin dutse?"

Ta ce, "Ni ce. Ashe ba ki manta ba."

A nan na ji labarin, ina bayan katanga. 'Yar garin ce. Tana budurwa ciwon ya kama ta, aka yi mata bukka a bayan gari aka bar ta. Inna tana amarya a lokacin. Kullum da rana tsaka, sa'ar da kowa yake ɗaki, sai ta kai tuwo ta ajiye a kan wani dutse ta juya ba ta waiwaya ba, don kada mutane su sani, kuma kada marar lafiyar ta sha kunyar godiya. Daga baya mutanen mishan suka ɗauke ta zuwa asibitinsu na kutare, ciwon ya mutu, ta dawo tana zaune a ɗaki kusa da coci tana share shi.

Tsohuwar ta ce, "Da malam ya dawo ya ce kin ƙi, matan suka ce a ƙyale ki. Na ce na san matar nan, ba za ta zo ba ko za ta mutu. Amma na san yadda take bayarwa, a bar ni in kai mata haka."

Inna ta ce, "Hatsin fa? Don me yake a gauraye?"

Ta ce, "Ai na coci ya ƙare tun mako na biyu da gobarar. Yanzu kowace mace in za ta yi daka sai ta ɗebi tafi ɗaya ta ajiye gefe, ranar Lahadi a kawo a zuba a tukunya guda. Kowa da abin da yake ci a gidansa. Naku nake fara cirewa, in kawo washegari." Ta gyara tsayuwa. "Yana isa kuwa? An ce mini akwai yarinya. Tana ci?"

Ni na fito daga bayan katangar, toka har gwiwa, na durƙusa na gaishe ta na ce, "Tana ci, Iya. Ta fara zama."

Inna ta ce, "Kada ki rufa mini asiri, 'yar malam." Ta nuna surin da hannu. "Sau huɗu kina kawowa, sau huɗu muna zuba wa gara. Na zaci wani ne."

Tsohuwar ta juya ta dubi surin. Na tuna tafiyar da ke tsakanin coci da kangon, da rafin da za ta haye, a kan waɗannan ƙafafun, cikin wannan ranar, da kuma gidajen da suka rage tuwonsu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Tsohuwar ta ce, "To kada matan su ji. Wannan na biyar ne, a dafa shi."

Inna ta tashi, ta cire farin ƙyallen ta naɗe shi gammo, ta ɗora ƙwaryar a kai. Ba ta bi ta bayan gari ba. Ta tsakiyar bukkoki ta ratsa, kowa yana kallo, duk wanda ya tambaya ta ce masa daga coci ne. Ita ta surfa, ita ta niƙa, ita ta dama, ta ɗora jikarta a cinya tana ba ta tana cewa, "Sha, ƙawata, na mutane ne." Ranar Lahadi ta miƙa mini ƙwarya ta ce in haye rafi. Haka muka yi har ruwa ya sauka, mijina ya dawo, mutanen cocin suka ba mu iri. Yarinyar ta tashi. Yau ita ma tana da jikoki, kuma har yanzu ban iya kiran sunanta ba.

Na zaci Inna za ta yi farin ciki, amma sai ta yi sanyi. Bayan 'yan kwanaki muna tsince wake da la'asar, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "'Yar malam, in wannan mutum ce, wancan fa?"

Na ce, "Wanne, Inna?"

Ta ce, "'Ya'yana uku. Wa ya ɗauke su?"

Na ba ta amsar da mahaifina zai bayar. Na ce kwanansu ne ya ƙare, zazzaɓi kuma yana yawa da kaka. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce, "Shekara ashirin maigidan yana shigowa yana yi mini sallama, ban amsa ba."

Washegari da rana tsaka na neme ta na rasa. Na san inda zan same ta. A bayan tsohon gidan, inda aka binne surukina kamar yadda mutanensu suke yi a da, na hango ta durƙushe a cikin toka. Ban matsa ba, amma a wannan shirun komai ana ji.

Ta ce, "Sannu da hutawa, maigida. Ina wuni?"

Ta yi shiru daidai tsawon da ake ba mutum ya amsa. Sannan ta ce, "Ina gajiya?"